Buhu, tiya da damtsen yaro: inda cimakar Damagaram ke maƙalewa

A Damagaram in ka tambayi mutum ko ya ci abinci, tuwo kake nufi, ko fura. Wanda ya watsa gyaɗa a baki tun safe, ya sha rake, ya bi da dabinon Gidimuni, da yamma zai rantse maka yau bai sa komai a cikinsa ba. Harshenmu ma ya daɗe da yanke hukunci: hatsi shi ne cimaka, miya mahaɗi ce, mangwaro da gwaiba da kankana kuwa kayan marmari muke ce musu, wato abin da rai ke sha'awa in an samu sarari. Nama na ranar suna ne da sallah da saukar baƙo. Ƙwai na mai shayi ne. Kada wani ya ɗauka wauta ce ta kawo wannan rabon. Mutanen da kakanninsu suka ga yunwar Kakalaba a 1914, su kuma suka ga yunwar 1973 da 1974, suka ƙara da ta 1984 wadda aka laƙaba wa El-Buhari, suna da hujjar ɗaukar hatsi a matsayin rai kansa. Wanda ya taɓa tona gidan tururuwa yana neman tsaba, ba ka tare shi da wa'azin bitamin.

Sai dai akwai abin da wannan fahimta ta kasa warware mana. Da rashin hatsi ne kaɗai ke ramar da yara, da layin uwaye masu goyon tamowa ya fi tsawo a Tasker da arewacin Tanut, inda ruwan sama ke rowa. Amma duk wanda ya san jihar nan ya san inda layin yake: Magariya, Dungas, Kance, Mirriya. Kudu ke nan, inda damina ta fi albarka, inda gero da dawa da wake da gyaɗa ke yi, inda kwarin Korama ke fitar da rake da rogo da dankali. A watan Satumba na 2018 ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar cewa yara 730 ne kwance lokaci guda a sashen yara na asibitin Magariya, kuma a watan da ya gabace shi kimanin yara 10 ke rasuwa kowace rana, galibinsu zazzaɓin cizon sauro ne ya haɗu da tamowa. Shekarar ba ta fari ba ce. Gonaki kore shar, gero ya fitar da kai, ana jiran girbi.

Abin da na lura shi ne, ma'auni uku ake auna cimaka da su a ƙasar nan, kuma babu mai jin maganar ɗan uwansa. Gwamnati da buhu take awo. Uwar gida da tiya. Jikin yaro kuwa nasa awon daban ne, bai san buhu ba, bai san tiya ba. Tsakanin ma'auni da ma'auni akwai ƙofa, kuma a kowace ƙofa abin da ya fi gina jiki shi ke fara ficewa, a bar abin da ke cika ciki.

Awon buhu tsohon abu ne. Bayan yunwar 1931 Turawan mulkin mallaka sun tilasta wa garuruwa tara hatsi a rumbunan tsimi, abin da talakawa suka ɗauka wani harajin ne aka ƙara musu. A 1970 aka kafa hukumar OPVN don saye da ajiye da sayar da cimaka. Da Seyni Kunce ya kifar da gwamnatin Jori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974, cikin hujjojin da ya bayar har da yadda aka yi wasa da hatsin agaji mutane na mutuwa. Tun daga ranar kowane mai mulki a Yamai ya san sito na iya cinye kujera. Shi ya sa duk bayan kaka ake fitar da lissafi: tan kaza aka girbe, mutum kaza ne a ƙasa, kowane mutum a ƙiyasin hukuma yana buƙatar kilo 231 na hatsi a shekara, saboda haka an samu rara ko an samu giɓi. Sai a jera garuruwan da suka gaza, a shirya sayarwa cikin rahusa, a ware waɗanda za a ba kyauta. Aiki ne mai amfani, ya tsare rayuka da yawa, ba na raina shi. Matsalarsa ɗaya ce: lissafin yana ƙarewa ne a bakin sito.

Shekarar 2005 ta nuna wannan ƙarara. Fara ta sauka a 2004, ruwa ya ɗauke da wuri a wasu wurare, aka ƙiyasta giɓin da kimanin tan 223,000, wanda bai kai kashi 10 cikin 100 na buƙatar ƙasa ba. A takarda abu ne da za a iya cikewa. Hatsi kuma bai ɓace daga kasuwa ba, yana nan jibge, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin mutane. A Najeriya ya yi tsada, don haka maimakon ya hauro arewa kamar yadda ya saba, sai namu ya gangara kudu. Mali da Burkina Faso suka riƙe nasu. A farkon shekarar kuma aka ɗora harajin kashi 19 cikin 100 kan fulawa da madara da sukari, har sai da birane suka rufe kasuwanni aka zauna gida kafin a sassauta. Makiyayi ya wayi gari tunkiyar da ke sayo masa buhu ta koma ba ta sayen rabi. An yi ta jan ƙafa kan rabon kyauta don gudun kada a ɓata kasuwa, sai a watan Agusta aka fara gadan-gadan. Shugaba Tanja Mamadu ya dage cewa babu yunwa a ƙasarsa, ya ce wa ƴan jarida su dubi mutane ai a ƙoshe suke. In da buhu ake awo, maganarsa ba ta yi nisa da gaskiya ba. A wannan shekarar MSF kaɗai ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani, akasarinsu daga Maraɗi da Damagaram, rumbunan ƙasar.

Farashin tiya a Kasuwar Dole ba a Damagaram ake yanke shi ba. Kano ba ta kai kilomita 250 daga nan ba, kuma kasuwar Dawanau ce uwar kasuwannin hatsi a wannan yanki na Afirka. In ta yi atishawa, Maigatari da Mai'aduwa su kama mura, kafin mako ya zagayo ta iso Magariya da Matamaye da Bakin Birji. Naira kuma takobi ce mai kaifi biyu. In ta faɗi, masara da dawar Najeriya su yi wa mai sefa araha, amma mai kai shanu da wake can ya dawo da takardun da ba su da nauyi. In ta tashi, mai dabba ya yi dariya, mai awo ya yi kuka. Iyaka ma haka take: an rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 lokacin takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, sai a farkon 2024 aka buɗe ta Najeriya. A Oktoba 2024 gwamnati ta hana fitar da hatsi waje in ban da Mali da Burkina Faso. Kowane ɗayan waɗannan matakai akwai wanda ya ji daɗinsa, akwai wanda ya ji a jikinsa, kuma sau da yawa mutum guda ne: da kaka shi ne mai sayarwa, da damina shi ne mai awo.

Wannan shi ne abin da ɗan birni ke mantawa. Yawancin manomanmu masu sayen hatsi ne. Ɗauki gida mai mutum 8. Bisa awon hukuma suna buƙatar kilo 1,848 a shekara, buhu 18 da rabi ke nan na kilo 100. Hekta guda ta gero a ƙasarmu, in babu taki, buhu 4 zuwa 5 take bayarwa. Sai gidan ya mallaki kusan hekta 4 kafin ya ci daga kaka zuwa kaka, ba tare da ya sayar da ko tiya guda ba. A kudancin jihar, inda gari ke kallon gari, inda gonar kaka ɗaya ta rabu tsakanin jikoki goma sha, gida nawa ne ke da wannan? Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da miliyan 3 da rabi a jihar Damagaram, ta fi kowace jiha yawan jama'a, kuma kudu suka fi cunkushewa. Ga shi kuma dole a sayar: bashin da aka ci da damina yana jira, ga aure, ga suna, ga kayan lakkol, duk a watan da kowa ya kawo nasa kasuwa farashi ya faɗi warwas.

To me ake fara sayarwa? Nan ne ƙofar farko. Maigida mai hankali ba ya fara taɓa gero, don gero shi ne rufin asiri. Wake yake fitarwa, da gyaɗa, da riɗi, da ɗan akuya, matarsa ta fitar da ƙwan zabi. Su ke da kuɗi, su ɗan kasuwa ke biyowa har ƙofar gida. Nijar ce ta biyu a duniya wajen noman wake bayan Najeriya, amma mafi yawansa a tukwanen Kano da Legas yake dahuwa. Lissafin maigidan daidai ne: buhun wake ya fi buhun gero kuɗi, gero kuma ya fi kai iyali nesa. Abin da lissafin bai gani ba shi ne, a cikin wake da gyaɗa da ƙwai ne sinadarin gina tsoka da mai suke, waɗanda ƙaramin yaro ya fi kowa buƙata.

Gyaɗa ma tana da tarihi mai ban takaici a wurinmu. Zamanin Turawa ita ce kuɗin haraji, ƙasar Magariya da Matamaye ta zama ƙasar gyaɗa, har aka kafa masana'antun matse mai a garuruwan biyu. Farin shekarun 1970 da cutar da ta kama shukar suka karya harkar, masana'antun suka mutu. A 1996 wani likitan yara Bafaranshe, André Briend, tare da kamfanin Nutriset, suka haɗa markaɗaɗɗiyar gyaɗa da garin madara da sukari da mai da bitamin suka ƙunshe a leda, suka sa masa suna Plumpy'Nut. Leda guda giram 92 ce, tana ɗauke da kalori 500, ba ta son ruwa, ba ta son wuta. Ita ta sa aka daina kwantar da kowane yaro mai tamowa a asibiti, uwa ta karɓa ta tafi gida ta ba shi da hannunta. Tun 2005 ana yin ta a Yamai. Ta ceci yaran da Allah kaɗai ya san yawansu. Amma duk lokacin da na ga yaro na tsotsar ledar nan a ƙauyen da aka loda buhunan gyaɗa a mota watanni shida da suka wuce, sai in ji wani abu ya tsaya mini a wuya. Gyaɗa da madara: abin da ya fita ta ƙofar kasuwa ne ya dawo ta ƙofar likita.

Ƙofa ta biyu a cikin gida take, kuma ita aka fi jin nauyin magana a kanta. A garuruwa da dama al'ada ce in an gama girbi maigida ya liƙe rumbun gandu, ba za a buɗe ba sai ruwa ya sauka, don a samu abin ci lokacin noma. Shi kuma ya tafi biɗa, Kano ko Agadas ko Libiya ko wuraren haƙar zinariya. Dabara ce ta tsira, ai sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma in babu hatsi a watan Yuli ba mai iya riƙe hauya. Amma watannin rani mace ce ke ciyar da kanta da ƴaƴanta daga ɗan abin da gamanarta ta bayar, da sana'ar ƙosai ko ƙuli-ƙuli, da abin da mijin ya aiko in ya samu. Hatsin nan yana cikin lissafin gwamnati, an ƙidaya shi a rarar shekara. Yaron da ke wasa a gindin rumbun bai ɗanɗana shi ba.

Ina da gwaggo a wani ƙauye kudu da Magariya. Na je gaishe ta ana cikin noma na biyu, na tarar tana dama fura a babbar ƙwarya, jikoki sun kewaye ta. Dunƙule biyu ta saka, ta yi ta ƙara ruwa tana juya ludayi har furar ta koma ana hango gindin ƙwarya. Na ce, "Gwaggo, yau babu nono ne?" Ta ɗago ta dube ni irin kallon da ake yi wa ɗan birni. "Ɗan nan, yaushe rabonka da garin nan? Fulanin da ke sauka bayan gari ai tun da aka nome burtali suka daina zuwa. Nonon yanzu na gari ne, a shago, ƙulli-ƙulli." Ta miƙa wa ƙaramin cikinsu ludayi, wanda bai daɗe da fara tafiya ba. Ya sha, ya ƙara, cikinsa ya yi tim, ya koma ya kwanta. Ta ce, "Ka gani, ya ƙoshi, alhamdu lillahi." Kuma ba ƙarya ta yi ba. A gefe guda ga dusar da aka surfe daga geron, an jiƙa wa ragon da ake kiwo don sallah. Wani kaso mai kyau na sinadarin ƙarfe da bitamin na ƙwayar gero a wannan dusar yake. Ragon sai sheƙi yake yi.

Fura da nono, in an yi ta yadda kakanninmu suka san ta, cikakken abinci ce: hatsi ya ba da ƙarfi, nono ya gina jiki. In aka cire nonon aka ninka ruwan, sunan ne kawai ya rage, farau-farau ce. Babban mutum zai iya shan ƙwarya guda ya samu abin da ya samu. Cikin yaro ɗan shekara ɗaya kuwa bai wuce kofi ba, kuma a shekarun nan biyu na farko ƙwaƙwalwa da ƙashi ke ginuwa da saurin da ba za su sake yi ba har abada. In aka cika kofin da ruwa-ruwan kunu sau uku a yini, yaron ba zai yi kukan yunwa ba, jikinsa ne zai yi ta cin bashi a ɓoye. Sai a ciyar da shi sau huɗu ko biyar da abu mai kauri, da ɗan mai ko ƙuli ko garin wake a ciki. Wa zai yi? Uwar tun asuba tana daka, ta tafi rijiya, ta nemo itace, a watan Agusta kuma tana gonar wani tana barema don ta samo tiyar dare. Yaron na hannun yayarsa mai shekara bakwai.

Akwai kuma al'adun da ba talauci ne ya kawo su ba, gaskiya ɗaya ce. Matse dakashi a zubar don wai ƙazanta ne, alhali shi ne rigakafin farko na jariri. Ɗura wa jinjiri ruwa da bauri tun kwanakin farko. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya samu kashi 23 cikin 100 ne kawai na jarirai ƴan ƙasa da wata shida ke shan nonon uwa zalla. Hana yaro ƙwai don kada ya yi sata. Yaye na dare ɗaya da zarar uwa ta gane ta yi rurrutsa, a kai shi wurin kaka, ya tashi daga nono ya faɗa tuwon manya. Wancan binciken ya nuna mace a Nijar kan haifi yara 7.6 a matsakaici, a jihar Damagaram 8.5. Ni ba na cikin masu ɗora wa haihuwa laifin komai, amma tazarar da ke tsakanin goyo da goyo ita ke yanke wa yaro yawan watannin da zai sha nono, wannan kam babu musu.

Ƙofa ta uku jikin ne da kansa. Abincin da ya shiga baki bai zama jiki ba tukuna. Yaron da ke zawo, abin da aka ba shi wucewa yake yi. Wanda zazzaɓi ya kama ba ya ci, jininsa kuma na ƙonewa. Ramammen yaro ciwo ya fi saurin kayar da shi, ciwon ya ƙara ramar da shi, haka za su yi ta miƙa wa juna shi. Shi ya sa asibitoci ke cika a Agusta da Satumba, lokacin da rumbu ya ƙare, sauro ya yi yawa, tafkuna suka gauraya da bayan gari. A birnin Damagaram kuwa maganar ruwa tsohon miki ce. Garin a kan dutse yake zaune, daga Gogo da Macaya ake jawo ruwa, aka ƙara da Arunguza, aka ƙara da Ganaram, amma da bazara har yanzu unguwanni na bin ƴan ga-ruwa. Gidan da ke sayen ruwa jarka-jarka ba ya wanke hannun yaro sau biyar. Jarkar ruwa da gidan sauro cimaka ce, ko da yake ba wanda zai sa su a lissafin OPVN.

Tamowar da ke kai yaro asibiti ma ita ce ƙarama a lissafi. Babbar ba ta da kuka, ba ta da kumburin ƙafa: yaro ne kawai ya ƙi tsawo. Binciken da ake yi kusan kowace shekara ya daɗe yana nuna fiye da yara 4 cikin 10 ƴan ƙasa da shekara biyar a Nijar sun tsumbure, a jiharmu kuma sau da dama adadin kan haura rabi. In rabin yaran gari gajeru ne, ido ya daina gani, sai a ce gado ne, ai kakansa ma haka yake. Abin kan fito daga baya, a aji, a ƙarfin aiki, a ɗakin haihuwa ranar da yarinyar da ta tsumbure ta zo haihuwar nata ɗan.

Birni ma bai tsira ba, salo ya sauya. Da ma'aikaci ya samu ƙarin albashi, abin da ke fara barin gidansa gero ne. Shinkafar waje ta shigo, da taliya, da burodi, da lemon kwalba, a jefa dunƙulen magi uku inda daudawa ke shiga da. Farar shinkafa ba ta kama ƙafar gero wajen gina jiki ba, ta fi shi saurin dahuwa ne da cin itace kaɗan, ba ta kuma buƙatar surfe. Tun 1967 aka kafa masana'antar SOTRAMIL a nan Damagaram don a mai da gero gari da taliya, a hutar da mata daga turmi. Tunanin ya riga zamaninsa, masana'antar ba ta ɗore ba. Yau ga shi ciwon sukari da hawan jini sun zama hirar majalisa, a gida guda ka samu uwa mai ƙiba mai ƙarancin jini da yaro tsumburarre. Da aka rufe hanyar Kwatano a 2023, buhun shinkafa ya tashi, muka gane tukunyar birni daga tashar jirgin ruwan wata ƙasa ake hura mata wuta.

Ban ce babu abin da ya gyaru ba. Wanda ya bi hanyar Mirriya zuwa Magariya ko Matamaye ya ga gawo jere cikin gonaki. Ba gwamnati ta dasa su ba, manoma ne suka daina tumɓuke tohon da ya fito da kansa tun bayan farin 1984, abin da ake kira sassaben zamani. An ƙiyasta hekta miliyan 5 ta farfaɗo ta wannan hanya a Nijar. Gawo na zubar da ganye da damina ya zama taki, ƴaƴansa su ciyar da akuya da rani, akuya ta ba da nono. Ga tafasa da jiga da rama da kuka da zogale, ga fara da muke soyawa da yaji. Ga hanza, wadda ke nuna daidai lokacin da rumbu ke ƙarewa, tana buƙatar jiƙo na kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinta ya fita. Mun mai da ita abin kunya, cin ta shaidar talauci, alhali ƙwayarta na da sinadarin gina jiki sosai. Kamfanin Sahara Sahel Foods a nan birnin yana sayenta daga matan karkara yana sarrafawa. A 2018 an fito da irin gero mai suna Chakti, mai yawan sinadarin ƙarfe. Akwai tsarin jinginar da amfanin gona a sito da kaka a karɓi rance, a fanshe shi in farashi ya tashi. Akwai asusun Mata Masu Dubara da ya faro a Maraɗi a 1991. A ganina waɗannan sun fi dacewa da ciwon fiye da manyan shirye-shirye irin 3N na 2012, shirin gwamnati na wadata ƙasa da abinci, don kowannensu yana toshe ɗaya daga cikin ƙofofin da na ambata, ko ya bar kuɗi a hannun wadda ke riƙe da ludayi. Sai dai ba su da bikin ƙaddamarwa, babu tirelar da za a ɗauka hoto.

Kwanakin baya na raka ƙanwata wata ƙaramar likita a bayan gari. A gabanmu wata matashiya ce da goyo. Ma'aikaciyar ta zare siririn awon nan mai launi uku ta naɗa a damtsen yaron: kore lafiya, rawaya hattara, ja kuwa, ƙasa da milimita 115, tamowa mai tsanani. Ya tsaya a bakin ja. Ta ce, "Baiwar Allah, me kike ba shi a gida?" Ta ce kunu, da tuwo in ya karɓa. "Ba ki da kaji?" Ta ce zabi gare ta guda uku, suna ma ƙwai yanzu da damina. "To ki riƙa dafa masa ɗaya kullum, ki murmushe masa a kunun." Matar ta yi shiru tana gyara zanen goyo. Maganin yaro kyauta ne, tun 2006 doka ta ce haka ga ƴan ƙasa da shekara biyar, ledojin gyaɗar ma kyauta za a ƙirga mata na mako guda. Da ta karɓa ta ƙulle a gefen mayafi, sai ta ce a hankali, ba da sigar gardama ba, "Malama, ƙwan ne na sayar jiya na biya kabu-kabun da ya kawo mu. Mako mai zuwa ma kin ce in dawo."